Yadda Ake Kashe Kumburin Laka da Tokar Itace Kafin a Yi Ciko da Daɓe

Filayen da ke gangarowa fadamar Gulbin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi har Bunza da Suru, da waɗanda ke bakin Kwara wajen Bagudo da Yawuri, da yawansu baƙar laka ce. Da rani takan dare har mutum ya zura tafin hannunsa cikin tsagar. Da damina ta rufe, ta kumbura, ta riƙe takalmi. Shinkafa na son irin wannan ƙasa, gini kuwa ba ya son ta. Gidan da aka ɗora mata ba tare da an gyara ta ba yakan nuna alama cikin damina biyu ko uku: daɓen siminti ya tasa a tsakiya ko ya lotsa a gefe, tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta bi layin bulo kamar matakala, ƙofa ta ƙi rufuwa a watan Agusta ta dawo daidai a Fabrairu. Sai a ɗora wa birkila laifi, a ce ya rage siminti, alhali ƙasar ce ke motsi a ƙarƙashinsa.

Tokar itace tana rage wannan motsi, kuma kusan kyauta ake samun ta. Amma a san iyakarta tun kafin a ɗauki shebur. Toka tana kashe danƙon laka, ta rage mata kumburi da tsukewa, ta sa ta yi sauƙin aiki. Ba ta mayar da laka dutse. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, aka wallafa a 2007, ya samu cewa lakar da aka sa wa toka kashi 10 cikin 100 ce ta fi ƙarfi, danƙonta kuma ya ragu da kusan kashi 35 cikin 100. Sai dai ƙarfin da ta ƙara bai ɗore ba, ya fara komawa baya bayan kwana 7 zuwa 14. Don haka wurin aikinta shi ne cikon ɗaki a ƙarƙashin daɓe, tsakar gida, dakali, ƙasan shago ko sito, hanyar shiga gida, da ƙasar da ake mayarwa gefen harsashi. Wanda zai gina bene, ko ya ɗora tankin ruwa a kan ginshiƙai, ya nemi injiniya a gwada masa ƙasa. Toka ba ta wannan aikin.

Abin da ke faruwa a cikin ƙasar

Ƙwayoyin irin wannan laka falle-falle ne, ƙanana ƙwarai, ruwa na shiga tsakaninsu ya buɗa su. Toka tana ɗauke da sinadarin kalsiyam mai yawa, kuma tana da kaifi, wannan kaifin da mata suka sani a ruwan toka na miya da na sabulu. Idan aka cuɗa ta da laka mai danshi, kalsiyam ya maƙale a jikin fallayen, ya sa su dunƙule su zama 'yan tsaba-tsaba, su rage jan ruwa. Wannan yana faruwa cikin awoyi zuwa kwana biyu, kuma da hannu ma ana jin sa: lakar da ke manne wa fartanya sai ta koma tana warwarewa.

Akwai mataki na biyu, wanda shi ke kawo ƙarfi mai ɗorewa. Idan kaifin ya tsaya sama sosai, wajen 12.4 a ma'aunin kaifi da ake kira pH, sinadaran silika da alumina na cikin lakar sukan narke su haɗu da kalsiyam su zama wani abu mai kama da siminti. Wannan yana ɗaukar makonni da watanni. A nan toka ke gazawa, domin kalsiyam ɗinta mai aiki kaɗan ne, yana ƙarewa kafin a yi nisa. Maganin shi ne a tallafa mata da layim kaɗan, wato farin garin gasasshen dutsen alli da aka shayar da ruwa, kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Toka ita kaɗai ta isa tsakar gida da cikon da ba zai ɗauki nauyi ba. Inda mota za ta taka, ko inda lakar ta yi tsanani, sai an haɗa biyun.

Tabbatar da irin ƙasar

Ba kowace baƙar ƙasa ce mai kumburi ba, kuma jar ƙasa ma takan yi. A haƙa rami biyu ko uku a filin, kowanne zurfin mita ɗaya da rabi, a ɗebi ƙasa daga rabin mita, daga mita ɗaya, da kuma daga gindin ramin. Idan rani ne, a lura da inda tsagar ƙasa ta tsaya a jikin ramin, a auna zurfin a rubuta, za a buƙace shi idan an zo harsashi. A duba kuma ko dunƙulen da aka fasa yana da gefe mai santsi da sheƙi. Wannan alama ce ta ƙasar da ta daɗe tana gogar kanta.

Gwajin da ya fi amfani shi ne na akwati. Kafinta ya haɗa ɗan dogon akwati marar murfi, tsawon ciki santimita 60, faɗi 4, zurfi 4. A shafa masa baƙin mai a ciki. A kwaɓa ƙasar ta yi laushi sosai, a cika akwatin a danna kusurwoyi, a shafe saman. A bar shi kwana 3 a rana ko kwana 7 a inuwa. Idan ya bushe, a tura gutsattsarin su haɗu a gefe guda, a auna gurbin da ya rage. Ƙasa da santimita 3, babu damuwa sosai. Tsakanin 3 da 5, a gyara ta. Ya haura 5, lakar mai tsanani ce, kuma toka kaɗai ba za ta ishe ta ba.

Na biyu ya fi sauri. A busar da ƙasa a dake ta, a tankaɗe da rariyar gari, a auna mililita 10. A zuba sannu a hankali cikin kwalba mai lambobi da ke da ruwa mililita 100, kwalbar shayar da jariri ma ta yi. Bayan awa 24 a karanta inda ƙasar ta kwanta. Idan ba ta wuce 15 ba, da sauƙi. Idan ta kai 20 ko fiye, ta ninka kanta ke nan, haka kuma za ta yi yunƙuri a ƙarƙashin daɓe. Mai babban aiki ya kai samfur ɗakin gwajin ƙasa, ya tambaya a sashen injiniyan gine-gine na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko a ma'aikatar ayyuka, a auna masa danƙo da kumburi da gishirin salfet. Kuɗin gwaji bai kai na fasa daɓe a sake ba.

Tokar da ta dace

A nemi toka daga inda ake hura wuta mai ƙarfi kullum: gidajen burodi, masu turara shinkafa, masu suyar ƙuli-ƙuli, masu bandar kifi a Yawuri, manyan madafan makarantun kwana. Wadda ake so fara ce ko mai launin toka-toka mai haske, busasshiya, mai laushi, sabuwa. Baƙar toka gawayi ne ya yi mata yawa, shi kuwa gawayi ba ya ɗaure komai, ruwa kawai yake sha.

Tokar da ruwan sama ya doka ta tashi daga aiki. Ruwa ya wanke wani ɓangare na kaifinta, saura kuma iska ta mayar da shi alli marar ƙarfi. Ko ruwa bai taɓa ta ba, tokar da ta yi watanni a buɗe ta yi sanyi. Saboda haka a ajiye wa mai gidan burodi durom mai murfi ya riƙa zubawa, a kwashe duk mako. Kada a zuba ta cikin buhu sai ta huce sarai, garwashi yakan yi kwanaki da rai a cikin tarin toka. Bayan ta huce a sa a buhu mai leda a ciki, a ɗaure, a jera a kan katako a ɗaki. Tokar bola, wadda aka ƙona da leda da batir da tsumma, a bar ta inda take. Haka ta katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara.

A tankaɗe ta da ragar sauro ta taga da aka ɗaura a firam, a fitar da gawayi da ƙusoshi da tsakuwa. Yawanci abin da ke fita ba kaɗan ba ne, don haka a tara fiye da lissafi da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. A fara tarin da wuri, tun ana neman kuɗin bulo, domin kilo 100 na busasshen itace kilo 1 zuwa 3 kawai yake bari na toka, manoman albasa da lambu kuma su ma suna bin ta. Ba a ƙona itace don a samu toka, wannan asara ce biyu.

A Kebbi akwai wani abin lura. Masu turara shinkafa sukan haɗa itace da ɓuntun shinkafa a murhu. Tokar ɓuntu daban take: kusan duk silika ce, kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Ita kaɗai ba ta kashe danƙon laka yadda ta itace ke yi, amma idan ta ƙone ta yi fari kuma aka haɗa ta da layim, tana ba da ƙarfi mai kyau. Idan tokarka haɗin biyun ce, kada ka bar layim.

Shi ma layim ɗin a kula da abin da za a sayo. Wanda ake so shi ne wanda aka gasa dutsensa aka shayar da shi ruwa, farin gari mai laushi a buhu. Farar ƙasar shafen bango da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa alli ne ko farin yumɓu, niƙaƙƙen dutsen da ake zuba wa gona shi ma ba gasasshe ba ne, duka biyun ba za su yi komai ba. A jiƙa kaɗan a ruwa a tsoma takardar gwajin pH, ta kai 12 ko sama. Farin taɓon kabayid da masu waldar gas da masu gyaran jikin mota ke zubarwa asalinsa layim ne. Idan an samu sabo, a shanya shi a inuwa, a dake, a tankaɗe, yana aiki.

Gwajin haɗi kafin babban aiki

Tokar wannan murhu ba ɗaya take da ta wancan ba, haka laka. Kashi 10 wurin farawa ne. A auna busasshiyar dakakkiyar ƙasa kilo 2 sau shida. Ta farko a bar ta haka. Ta biyu a sa mata toka giram 100, ta uku 200, ta huɗu 300. Ta biyar toka 200 da layim 80, ta shida toka 300 da layim 80. A jiƙa kowacce, a rufe da leda ta kwana biyu. Daga kowacce a kirɓa curi biyu cikin gwangwanin madara da aka cire wa gindi ko guntun bututun roba, hawa uku, bugu iri ɗaya, a turo su waje, a naɗe a leda, a rubuta lamba.

Bayan kwana 7 a ɗauki curi ɗaya daga kowane haɗi a tsayar cikin faranti mai ruwa santimita 2 ya kwana, sannan a nutsar da shi gaba ɗaya kwana 4. Na ƙasa zalla zai narke cikin awoyi. Wanda ya zauna da siffarsa, bai kumbura ba, ƙusa ba ta shige shi da sauƙi ba, shi ne abin nema. Rukuni na biyu a bar shi ya kai kwana 28 kafin a jiƙa, saboda a nan ake kama haɗin da ya yi ƙarfi da farko ya saki daga baya. A maimaita gwajin akwati da haɗin da ya yi nasara: tsukewar ta sauko ƙasa da santimita 3. Idan haɗi biyu sun yi kunnen doki, a ɗauki mai ƙarancin toka. Toka ta wuce kima takan sa ƙasa ta yi sakayau, ta ƙi dannuwa, ƙarfinta ya ragu.

Lissafi da awo

Kashi 10 na nauyi ne, ba na bokiti ba. Kowane kilo 100 na busasshiyar ƙasa, toka kilo 10. Nan ne aka fi yin kuskure, domin toka ba ta da nauyi. Wanda ya zuba bokitin toka ɗaya a bokitin ƙasa goma, kusan rabin abin da ake so ya sa. A ari sikelin masu sayen shinkafa a auna sau ɗaya. A ce bokitin fenti mai lita 20 ya ɗauki dakakkiyar ƙasa kilo 24, ya ɗauki toka kilo 12. To bokitin ƙasa 10 kilo 240 ne, yana son toka kilo 24, bokiti 2 ke nan. A faɗa wa leburori: ƙasa biyar, toka ɗaya, a shafe bakin bokiti da katako, ban da tozo. Layim na kashi 4 a wannan awon bai kai kilo 10 ba, a auna shi a yanka wata roba daidai da shi ta zama mudunsa.

Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, wato mita 3.6 kowane gefe, idan za a yi masa dannannen ciko mai kaurin santimita 15, zai ci ƙasa kusan tan 3. Tokarsa wajen kilo 300, layim wajen kilo 120, ruwa durom 2 zuwa 3 idan ƙasar rani ce. Ƙarƙashin daɓe a kan laka mai tsanani ana son aƙalla santimita 45, don haka a ninka uku: toka kilo 900 a ɗaki guda. Idan buhun siminti da aka juye yana ɗaukar toka kilo 20, buhu 45 ke nan. Mai gina ɗaki huɗu da falo ya yi wannan lissafi tukuna, ya kwatanta da kuɗin tifar marmara. Idan akwai ramin marmara kusa, kwashe lakar a cike da marmara yakan fi sauƙi kuma ya fi tabbas. Toka tana cin riba ne a can cikin fadama, inda tifa ke yin nisa ko ba ta shiga.

Aikin kansa

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta tsane, ruwan sama ba zai katse aiki ba, zafin Maris da Afrilu da ke busar da haɗi kafin a danne shi bai iso ba.

A fara da kankare saman ƙasa, santimita 15 zuwa 20, a fitar da shi daga wurin gaba ɗaya. Saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da taki suna shanye kalsiyam, ƙasar da ke da su ba ta karɓar toka ko layim. Sannan a haƙe lakar zuwa zurfin da ake so, a baza ta a rana ta bushe, a dandaƙe da bayan fartanya ko taɓarya. Wannan ne aiki mafi wahala, kuma shi leburori suka fi ha'inta. Kada a bar dunƙulen da ya fi goro girma, mafi yawa kuma ya zama kamar tsabar masara ko ƙasa da haka. Toka ba ta shiga cikin dunƙule, jikinsa kawai take shafa. Cikinsa yana nan ɗanyar laka, damina na zuwa ya kumbura ya ɗaga abin da ke kansa. Ƙaramin injin kaftu na manoman shinkafa yana wannan aiki cikin awa guda, kuma da rani ana samun hayarsa. Idan lakar ta yi tauri ta ƙi dakuwa, a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa rabin tokar, a tara a rufe kwana biyu, za ta saki.

A cuɗa a bushe tukuna. A baza ƙasar kaurin tafin hannu a wuri mai tsabta, a barbaɗa toka da layim ko'ina, a juya da shebur daga tari zuwa tari sau uku, har launi ya zama ɗaya, babu fari-fari babu baƙi-baƙi. A yi da sassafe kafin iskar hunturu ta taso ta kwashe rabin tokar zuwa gidan maƙwabci. Masu aiki su sa takalmin roba, safar hannu, takunkumi da tabarau. Toka da layim idan sun haɗu da gumi suna cin fata, musamman tsakanin yatsun ƙafa. Idan ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa, a tafi asibiti.

Ruwa kuma yayyafa shi ake yi da garwa mai ɓuli-ɓuli, ana yi ana juyawa. Kwarara shi da bokiti yana wanke tokar zuwa gefe guda ya bar taɓo a tsakiya. Haɗin toka ya fi ƙasa zalla shan ruwa, kada a yi mamaki. Ga yadda ake gane ya isa: a dunƙula cikin hannu a matse. Ya riƙe siffar yatsu ba tare da ya jiƙa tafin ba. A sake shi daga tsayin kafaɗa a kan ƙasa mai tauri. Ya fashe gida huɗu zuwa shida, daidai ne. Ya watse ya zama gari, a ƙara ruwa. Ya baje bai fashe ba, ruwa ya yi yawa, a baza ya sha iska.

Daga nan a tara, a rufe da tamfol ko buhuna, a bar shi kwana 1 zuwa 2 ya nuna. Idan aka buɗe, sauran dunƙulen za su farfashe da taɓawar manjagara. A sake juyawa, a sake gwajin danshi. Kada a wuce kwana uku, iska tana cinye kaifin. Wanda bai samu layim ba, zai sa siminti a madadinsa, tsarinsa daban ne: toka kaɗai ake fara sawa ta kwana biyun, sannan a ƙara siminti kashi 3 zuwa 5, a danne cikin awa 2. Simintin da aka zuba kai tsaye cikin ɗanyar laka cuccurewa yake yi, kuɗi ya tafi a banza.

Kafin a mayar da haɗin, a kula da gindin ramin. Idan ya bushe ƙayau ya tsattsage, kada a rufe shi haka. Busasshiyar laka da aka rufe da daɓe za ta ja danshi daga gefe a hankali ta kumbura, shi ne daɓen da ke tasawa a tsakiyar ɗaki bayan shekara. A riƙa yayyafa masa ruwa kwana biyu ko uku har tsagar ta rufe, a bari saman ya tsane, a daddanne.

Dannewa hawa-hawa ake yi. Da madannin hannu, wato gwangwanin fenti da aka cika da kankare aka kafa masa ƙota, mai nauyin kilo 7 zuwa 10, kada kowane hawa ya wuce santimita 10 a sake, zai koma wajen 7. Da injin dannewa mai tsalle ana iya zuba 20 ya koma wajen 15. A sa alama a jikin bulo da alli don kada a yi ta ido. A fara daga gefen bango da kusurwoyi a nufo tsakiya, kowane bugu ya hau rabin na baya. An gama idan sautin ya koma tsaf-tsaf, madanni ya daina barin sawu, dugadugin takalmi bai lotsa ba. Wurin da ke lanƙwasa yana dawowa a ƙarƙashin ƙafa ruwa ne ya yi masa yawa, bugu ba zai gyara shi ba, a tone a shanya a mayar. Kafin a zuba hawa na gaba a karce saman da manjagara a ɗan yayyafa ruwa don su kama juna. Zuba santimita 45 a lokaci guda a daki samansa, kamar yadda ake yi a wurare da yawa, santimita 10 na sama kawai ke dannuwa.

Bayan hawa na ƙarshe a rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhuna ko ciyawa, a riƙe danshi kwana 7, yayyafi safe da yamma, ba tafki ba. Idan da layim a ciki, kwana 14 ya fi. Haɗin da ya bushe da wuri aikinsa ya tsaya, samansa ya yi gari. Sannan a shimfiɗa yashi santimita 5, a ɗora leda mai kauri wadda bakinta ya hau juna ya kuma hau jikin bango, a zuba kankare. Ledar dole ce. Toka na da gishirin da ke bin danshi ya hau, ya fito fari-fari a gindin bango ya ɓamɓare fenti da filasta.

Harsashi da ruwa

Gyaran santimita 45 na sama ba ya hana lakar da ke ƙasa da shi motsi. Harsashi ya sauka ƙasa da inda tsagar rani ta tsaya a ramin gwaji, a irin wannan ƙasa sau da yawa mita ɗaya da rabi ne ko fiye. A sa masa rodi, a ɗaure ginin da bim a ƙasa da kuma a kan tagogi, ya zagaye duka. Haɗin tokar shi za a mayar gefen harsashin ciki da waje, a danne hawa-hawa kamar na ɗaki.

Laka ba ta motsi sai danshinta ya canza, don haka rabin aikin hana ruwa zuwa ne. A zagaye ginin da dakalin kankare mai faɗin mita 1 zuwa 1.5 a kan dannannen haɗi, ya gangara waje. Ruwan indararo da na kwano ya faɗa kan dakalin ko makwarara, ya yi nisa da bango. Sokawe, wurin wanka, wurin alwala da gindin famfo su nisanci harsashi da aƙalla mita 3, a kuma duba bututu kada ya riƙa ɗiga a ɓoye. Ɓangaren gida ɗaya a jiƙe, ɗaya a bushe, shi ke karya bango. Dogon yaro da turare suna tsotse ruwan laka da rani har ƙasa ta janye daga ƙarƙashin gini. A dasa su nesa da bango gwargwadon tsayin da za su kai idan sun girma. Filin da ambaliya ke kwanciya a kansa kuwa, sai an ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, toka ba ta tare gulbi.

Idan an bi duk wannan amma haɗin ya kumbura

Akwai laka mai ɗauke da jifsam, wato wani irin gishirin salfet, kuma an san shi a wasu lakokin yankin Sakkwato, kamar wajen Dange da Wurno. Yakan fito kamar 'yan ƙyalƙyali farare ko jijiyoyi masu sheƙi a jikin rami, farce yana karce shi. Idan kalsiyam na layim ko siminti ya haɗu da shi da laka da ruwa, wani sabon sinadari ne ke tsirowa a ciki, mai kumburin da ya fi na lakar asali. Curin gwaji yana tona wannan: maimakon ya narke, sai ya ƙara girma ya tsattsage bayan kwanaki a ruwa. Duk inda aka ga ƙyalƙyalin a rami, a bar curin mako biyu a ruwa maimakon kwana 4, a auna kaurinsa da zare kafin da bayan. Idan ya ƙaru, ko ɗakin gwaji ya ce salfet ya haura kashi 0.3 cikin 100, a dakatar da layim da siminti a wannan ƙasa. A kwashe lakar zuwa zurfin da injiniya ya ce, a kawo marmara ko yashi mai tsakuwa a cike, a danne hawa-hawa.